Me ya sa lissafin kwamfuta ke saɓa wa kansa? Fashin baƙi kan tsara rumbun bayanai

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai shigar da bayanai a ofis, ko makaranta, ko babban shago a Katsina, ya san wannan amsar: "Kwamfuta ce ta kawo haka." Ita ake ba ɗalibin da sunansa ya fito iri biyu a takardu biyu na makaranta ɗaya. Ita ake ba manomin da ya biya bashinsa tun kaka, amma har bazara sunansa na cikin waɗanda ake bi. Galibi kwamfutar ba ta da laifi. An rubuta magana ɗaya ne a wuri biyu ko uku, aka gyara ɗaya aka mance da sauran, na'ura kuma ta dawo da abin da aka ba ta. Ilimin da ke maganin wannan ciwo ya haura shekara 50 da kafuwa, ana kuma koyar da shi a sassan nazarin kwamfuta na manyan makarantunmu. Abin da ke damuna shi ne ɗalibi kan haddace shi don jarrabawa, in ya zo aiki ya ajiye shi gefe.

A shekarun 1960 manyan kamfanoni sun riga sun fara ajiye bayanai a kwamfuta, amma ta hanyar da ke ɗaure mai amfani da su. Tsarin IMS na kamfanin IBM, wanda aka fara ginawa don lissafin kayayyakin shirin Apollo na kai mutum duniyar wata, yana jera bayanai ne wani a ƙarƙashin wani. In an tsara cewa kaya suna ƙarƙashin mai saye, tambayar "me wane ya saya?" tana da sauƙi. Amma "su wa suka sayi kaya kaza?" sai an bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Dole kuma mai rubuta manhaja ya san hanyar da aka bi aka ajiye komai, in aka sauya fasalin ajiyar, manhajarsa ta tsaya.

Edgar Codd, masanin lissafi ɗan asalin Ingila da ke aiki a cibiyar binciken IBM ta San Jose a Amurka, shi ya kawo wata hanya a muƙalar da ya wallafa a watan Yunin 1970. Ya ce a zuba komai a jadawali mai layuka a kwance da ginshiƙai a tsaye. Kada a bar wata ɓoyayyar mahaɗa tsakanin bayani da bayani. In jadawali biyu suna da alaƙa, a gan ta a rubuce: lambar da ke cikin wannan ita ce ke cikin wancan. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta nemo hanya da kanta. Daga nan Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro harshen tambaya a 1974, wanda ya zama SQL. Oracle, wani rumbun bayanai (wato manhajar ajiye bayanai) mai aiki da SQL, ya shiga kasuwa a 1979, aka ba Codd lambar yabo ta Turing a 1981, SQL kuma ya samu ƙa'idar hukuma a Amurka a 1986. Yau bankuna da kamfanonin waya a kan wannan tunani suke aiki, kuma wayar Android da ke aljihunka tana ɗauke da ƙaramin rumbu irinsa mai suna SQLite.

Abin da ya fi muhimmanci a tunanin Codd, a ganina, shi ne cewa kowane layi na jadawali ikirari ne. Layin da ke cewa manomi mai lamba 214 yana zaune a ƙauye mai lamba 9 yana shaida cewa wannan magana gaskiya ce. In ka yarda da haka, sauran duk sun biyo baya. Maganar da aka faɗa sau ɗaya ba ta iya ƙaryata kanta. Wadda aka faɗa sau arba'in kuwa tana da hanya arba'in ta yin haka.

Mu ɗauki dilan kayan noma a Daura, mai sayar da taki da iri da maganin feshi. Yana ba manoman Sandamu da Zango da Baure da Mai'adua kaya bashi da faɗuwar damina, su biya da kaka. Ɗansa ya gama karatu, ya ce a daina wahala da littafi, ya buɗe Excel ya zana jadawali guda mai faɗi: kwanan wata, sunan manomi, lambar wayarsa, ƙauyensu, dagacin ƙauyen, ƙaramar hukuma, kayan da ya ɗauka, buhu nawa, farashi, da kamfanin da ya kawo kayan. Satin farko abin gwanin ban sha'awa, komai a gaban ido.

Kafin damina ta raba tsakiya matsala ta fara. Wani manomi ya zo ɗaukar kaya sau shida, don haka lambar wayarsa tana layi shida. Ya sauya layi, yaron shago ya gyara a layuka biyu na ƙarshe, huɗu suka zauna da tsohuwar. Yanzu jadawalin yana ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya. Sannan dila ya ƙulla ciniki da sabon kamfanin iri, yana so a rubuta sunansa da lambarsa, amma babu inda za a sa, domin kamfani ba ya samun layi sai wani ya sayi kayansa. Sai a ƙirƙiri ciniki na ƙarya don a samar masa wuri. Na uku ya fi ciwo: manomi ɗaya tilo daga wani ƙauye ya biya bashinsa, aka goge layinsa, sai sunan ƙauyen da na dagacinsa suka tafi tare da shi. Ciwon gyara, ciwon shigarwa, ciwon gogewa. Tushensu ɗaya ne, an cusa labarin abubuwa daban-daban cikin layi guda.

Maganin shi ne a rarraba jadawalin, kowane abu ya samu nasa. Amma kafin a fara rarrabewa sai an amsa wata tambaya wadda a ƙasar Hausa ta fi wuya fiye da yadda littattafan Turai ke nunawa: da me za a gane wannan layin daga wancan? Abin da ke bambanta kowane layi shi ake kira mabuɗi, kuma sharaɗinsa kada ya maimaitu, kada a bar shi fanko, an fi so kuma kada ya riƙa sauyawa. Suna ba ya cika ko ɗaya daga ciki. A ƙauye guda za ka samu Sani Musa uku. Mutum ɗaya kuma yau Muhammadu ne, gobe Mamman, a takardar banki Mohammed, a bakin abokai wani laƙabi daban. Wani yana sa sunan mahaifi a ƙarshe, wani sunan gari. Mace ana saninta da Ladi ko Talatu alhali sunan yanka daban ne, kuma alkunya na iya hana mai kawo saƙo faɗin sunan gaskiyar. Lambar waya ma ba ta tsira ba: gida guda na iya amfani da waya ɗaya, mutum ɗaya na iya riƙe layi uku, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani kan sake sayar wa wani.

Sunayen wurare ma haka suke. Sabon Gari da Tudun Wada suna nan a garuruwa da yawa. Ko a ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan akwai masu suna ɗaya: akwai Nasarawa a Jihar Kano, akwai Nasarawa a Jihar Nasarawa, akwai Bassa a Filato, akwai Bassa a Kogi. Shi ya sa ƙasa ta koma ga lamba, BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a 2014 da kuma NIN, kowace mai alƙaluma 11. Amma ban ba dilan Daura shawarar ya mai da NIN mabuɗinsa ba. Ba kowane manomi ke yawo da ita ba, kuma tara lambobin shaidar mutane nauyi ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 tana hawa kan mai tara su. Ya ba kowane manomi lambar shago tasa, 1, 2, 3, wadda ba ta nufin komai sai shi. Lambar waya kuwa a ajiye ta a matsayin rubutu, domin in aka bar ta a matsayin adadi Excel zai cinye sifirin farko.

Codd ya tsara rarrabewar mataki-mataki, masana na taƙaita sunayen matakan da 1NF, 2NF, 3NF. Na farko ya zo tun a muƙalar 1970, kuma mai sauƙi ne: gurbi ɗaya, abu ɗaya. Kada a rubuta "kamfa 3, yuriya 2, maganin ciyawa 1" a gurbi guda, domin ranar da aka tambayi buhun yuriya nawa ya fita a Yuli sai an zauna karatu da ido. Kada kuma a yi dabarar ginshiƙin kaya na ɗaya, na biyu, na uku, don wata rana wani zai ɗauki kaya kala huɗu. Kowane kaya a cikin ciniki ya samu layinsa.

Mataki na biyu da na uku, waɗanda ya bayyana a 1971, sun tsaya ne a kan dogaro. Ana cewa abu ya dogara da wani in sanin na farkon ya isa a san na biyun ba tare da shakka ba. In ka san lambar manomi ka san sunansa. In ka san suna ba lallai ka san lamba ba.

Yanzu da kowane kaya ya samu layinsa, abu biyu ne ke bambanta layi: lambar ciniki da lambar kaya a haɗe. Sai a bi ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya ana tambaya. Adadin buhu ya dogara da su biyun, sai ka san wane ciniki da wane kaya kafin ka san nawa aka ɗauka. Sunan kaya da kamfanin da ya kawo shi fa? Lambar kaya kaɗai ta isa, ba ruwansu da ciniki. Kwanan wata da manomi? Lambar ciniki kaɗai. Duk abin da ya dogara da rabin mabuɗi baƙo ne a wannan jadawali, a fitar da shi. Kaya su samu jadawalinsu, ciniki ya samu nasa, a bar na uku mai ɗauke da abin da aka ɗauka a kowane ciniki. Wannan shi ne mataki na biyu.

Na uku yana farautar dogaron da ya biyo ta bayan gida. Sunan manomi da wayarsa da lambarsa suka dogara, ba da ciniki ba, don haka manoma ma su samu jadawalinsu. A jadawalin manoma, ƙauye ya dogara da lambar manomi, ba gardama. Dagaci kuwa da ƙauye ya dogara, manomin hanya ce kawai da ya bi ya shigo. In manoma 60 na ƙauye ɗaya ne, an rubuta sunan dagaci sau 60, ranar da aka naɗa sabo kuma gyara 60 ke jira. A buɗe jadawalin ƙauyuka, kowane da lambarsa da dagacinsa da ƙaramar hukumarsa, a bar wa manomi lambar ƙauye kawai. Irin wannan lamba da ke nuni zuwa mabuɗin wani jadawali ita ce baƙon mabuɗi, kuma rumbu na gaske irin PostgreSQL ko MySQL zai iya ƙin karɓar lambar ƙauyen da babu shi. Excel bai damu ba, duk abin da ka buga zai karɓa.

Akwai sharaɗi a nan da ake yawan tsallakewa. Rabawar dole ta zama wadda in aka sake haɗa jadawalan za a dawo da ainihin abin da aka fara da shi, ba ragi ba ƙari. Da a ce da sunan ƙauye aka haɗa manoma da ƙauyuka, manomin wani Sabon Gari zai fito a ƙarƙashin dagatai biyu, na'ura ta haifi layin da ba a taɓa yi ba.

Farashi shi ne inda nake ganin ɗalibai masu ƙoƙari suna faɗawa rami, saboda ƙoƙarin nasu. Sun koyi cewa maimaici laifi ne, sai su ce farashi na kaya ne, a kai shi jadawalin kaya, a rubuta sau ɗaya. A misali, manomi ya ɗauki buhun kamfa a Yuni a kan naira 40,000. A Agusta kaya suka tashi, dila ya mai da farashi 46,000. In farashi wuri ɗaya yake, bashin mutumin Yuni ya ƙaru da dare ba tare da ya sani ba. Wannan ya wuce kuskuren lissafi, ya zama cin haƙƙi. Farashin yau da farashin da aka yi ciniki a kansa magana biyu ce daban, ko da wata rana sun zo daidai. Na farko na kaya ne. Na biyu ya dogara da ciniki da kaya a haɗe, don haka gidansa layin cinikin, kuma ba ya motsi har abada. Balle ma dila kan yi wa tsohon abokin ciniki ragi.

Wannan ya nuna iyakar lissafin. William Armstrong ya fitar da ƙa'idojin dogaro a 1974, da su na'ura za ta iya zaƙulo duk abin da ke biyo bayan dogaron da aka faɗa mata. Amma ba ta iya sanin ko dogaron gaskiya ne. Shin kamfani ɗaya ne kawai ke kawo kowane kaya, ko dila kan sayi yuriya daga wuri biyu? Shin manomi na iya zama a wannan ƙauye gonarsa na wancan? In magidanci ya aiko ƙanensa, wa ake bi? Amsoshin suna bakin Alhaji mai shago da yaransa, kuma mai tsara rumbun da bai zauna a kan benci ya saurare su ba, zai gina abu mai kyau a kan zato.

Don wannan zama ne Peter Chen ya fito da hanyar zane a 1976: a fara gano abubuwan da harkar ta ƙunsa, da siffofinsu, da alaƙar da ke tsakaninsu, kafin a taɓa kwamfuta. A kowace alaƙa a tambayi nawa ga nawa. Ƙauye ɗaya manoma da yawa, manomi ɗaya ƙauye ɗaya. Ciniki ɗaya kaya da yawa, kaya ɗaya kuma ciniki da yawa, irin wannan sai da jadawali na tsakiya. A wajen zanen ne abubuwan da jadawalin ɗan dila ya mance suke fitowa. Wanda ya tsaya wa manomi, galibi shi ma manomi ne mai lamba a shagon, don haka lambarsa za a sa a cinikin, ba a sake rubuta sunansa ba. Da haka za a iya tambayar nawa ke wuyan mutum, nasa da na waɗanda ya tsaya wa. Biya ma abu ne mai zaman kansa. Ba a cika biyan bashin damina a tashi ɗaya ba: wani ya kawo rabi a kuɗi, wata ranar kasuwa ya kawo buhun gero biyu da tiya goma ta wake. Kowane biya layinsa, da ranarsa, da abin da aka kawo, da ma'aunin, da ƙimar da aka yi masa a ranar. Ragowar bashi kuwa kada a ajiye ta a ko'ina. A bar na'ura ta tara abin da aka ɗauka ta cire abin da aka biya duk lokacin da aka tambaya. Ragowar da aka rubuta da hannu ita ce ke sa a bi wanda ya riga ya biya.

Raba biya ya kuma kawar da wata fitina, ta gurbin da aka bari fanko. A tsohon jadawali, in gurbin "abin da ya biya" babu komai, me ake nufi? Bai biya ba, ko ya biya ba a rubuta ba, ko da hatsi ya biya? SQL yana da alamar rashin sani, kuma tana da hali na daban: in ka tambayi waɗanda biyansu bai kai 50,000 ba, masu gurbi fanko ba za su fito ba, domin na'ura ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Codd da kansa daga baya ya nemi a bambanta abin da ba a sani ba da abin da bai shafi layin ba. A sabon tsari wanda bai biya ba ba shi da layi a jadawalin biya, shi ke nan.

Akwai matakai a gaba. Boyce da Codd sun ƙara tsaurara na uku a 1974, Ronald Fagin ya kawo na huɗu a 1977 da na biyar a 1979. Na huɗun kan taso in aka haɗa jeri biyu da ba ruwan juna: manomi mai noma gero da dawa da gyaɗa, mai lambar waya biyu, zai ci layi shida in aka sa amfanin gona da waya a jadawali ɗaya. A raba su. Ga shago ko makaranta ko ƙaramin asibiti, wanda ya kai na uku da gaskiya ya yi mafi yawan aikin.

Masu suka suna cewa yawan jadawali na sa na'ura jinkiri, tunda kowace tambaya sai an haɗa huɗu ko biyar. Maganar tana da tushe a wurin kamfanonin da ke juya layi miliyoyi a kowace rana, kuma su kan kwafi bayanai zuwa wani rumbu na daban mai faɗi don rahoto, da saninsu, asalin kuma na nan a tsare. Dilan da ke da manoma 2,000 bai kusa da wannan matsala ba, tsohuwar kwamfutar shago ma za ta amsa masa kafin ya ɗaga kofin shayi. In faɗin jadawalin ne Alhaji ya saba gani, a yi masa tambaya ajiyayya wadda ke haɗo komai ta nuna masa a shafi ɗaya, kamar yadda ya saba. Shi yana kallon faɗi, ajiya tana rarrabe.

Aiki mafi nauyi shi ne kwashe tsohon jadawali zuwa sabo. A nan duk saɓanin da ya kwanta zai tashi: Sani Musa mai waya biyu, mutum ɗaya ne da ya sauya layi ko mutum biyu ne? Mamman na layi na 80 shi ne Muhammadu na layi na 312? Babu wata dabarar SQL da za ta yanke wannan. Sai ɗan ya buga jerin masu shakka a takarda, ya zauna da mahaifinsa da tsohon yaron shago, abin da ya gagara a kira dagaci ko wanda ya tsaya a tambaya. Haɗe mutum biyu a lamba ɗaya ya fi barin mutum ɗaya da lamba biyu haɗari, domin na farkon yana ɗora wa wani bashin da bai ci ba, don haka wanda ba a tabbatar ba a bar shi a rabe, a yi masa alama. Lokacin wannan aiki rani ne, bayan an gama karɓar bashin kaka, kafin ruwan farko ya sauka manoma su cika ƙofar shago.